Duniya Biyu, Asali da Soyayya: Me Ke Cikin Littattafan Almarar da Matasan Sakkwato Ke Karantawa?

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a wani gida a unguwar Mabera ta Sakkwato, an ɗauke wuta, zafi ya koro kowa tsakar gida da tabarmarsa. Haske ɗaya ya rage, na wayar wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare da ta lulluɓe kanta da zane. Uwar ta ɗago kai ta ce, "Ke ɗiyag ga, da wa kika hira hat tsakad dare?" Yarinyar ta ce, "Inna, ba hira nika yi ba, littahi na." Aka karɓi wayar aka duba. Littafin ne kuwa, har an kai babi na 47. A shafin da ke buɗe, wata budurwa ta faɗa tsohuwar rijiya ta ɓulla wani gari mai rana biyu, mutanen garin suna zube mata suna cewa jikar sarauniyarsu ce da aka ɓoye tun tana jinjira, ga kuma wani yarima da ya tsane ta a babi na 3 yanzu ya kasa barci saboda ita.

Da hira da saurayi aka kama ta tana yi, uwar ta san hukuncin da za ta yanke. Wannan kuwa ta rasa ajin da za ta sa shi. Tatsuniya ce? Littafin soyayya ne irin wanda ita ma ta ɓoye a ƙarƙashin katifa tana budurwa? Ko littafin tsafi ne? Irin wannan ruɗani ya yawaita a gidaje da makarantu, kuma labaran da ke zuwa daga waje suna ƙara dagula shi, musamman tun da aka ji cewa a 2024 jihar Utah ta Amurka ta fitar da wasu irin waɗannan littattafai daga makarantun gwamnati. Masu cewa a hana suna kafa hujja da hakan, masu cewa a bari suna cewa ba a fahimci abin da aka hana ɗin ba. Abubuwa uku ne aka cakuɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, ƙagen wata duniya, maganar asali, da soyayya, kuma kowannensu da tushensa da irin matsalarsa.

Ma'anar kalmomin

Lakabin "na matasa" ba malamai suka ƙirƙiro shi ba, ba kuma wata hukumar tace littattafai ba. Kamfanonin ɗab'i da ma'aikatan ɗakunan karatu na Amurka ne suka ware rukunin, suna nufin masu karatu daga shekara 12 zuwa 18. Alamominsa sanannu ne: tauraron labarin matashi ne, sau da yawa shi yake ba da labarin da bakinsa, manya ko dai ba sa nan ko ba su da amfani, kuma jigon shi ne yadda yaro zai gane ko shi wane ne. Lakabin yana nuna kantar da za a ajiye littafi a shago ne kawai. Ba shaida ba ce cewa wani ya karanta ya tabbatar ya dace da 'yar shekara 13.

Almara kuwa labari ne da ya sa abin da ba ya faruwa a al'ada ya zama ƙashin bayansa. Maganar "wata duniya" a cikinsa tana zuwa ta fuskoki daban-daban. Akwai duniyar bayan ƙofa, inda mutum zai bar tamu ta wata kafa, rijiya ko kogo ko madubi, ya shiga wata. Littattafan Narnia na C. S. Lewis, guda bakwai da suka fito tsakanin 1950 da 1956, su ne misalin da aka fi sani, yara sun shiga ta cikin kabad ɗin tufafi. Akwai ɓoyayyiyar duniya, wadda ke nan tare da mu amma ba kowa ke ganinta ba, irin ta Harry Potter da ya fara fitowa a 1997. Akwai ƙagaggiyar duniya ɗungum, mai taswirarta da sarakunanta, babu ruwanta da tamu. Sai kuma tarihin da-a-ce, wato a ɗauki tarihi na gaskiya a karkatar da shi: da a ce yaƙi kaza bai ƙare yadda ya ƙare ba, ya duniya za ta kasance?

Wasu marubutan kan jingina da kimiyya. A 1957 wani masanin kimiyyar fizis ɗan Amurka, Hugh Everett, ya kawo fassarar da ke cewa duniya na iya rarrabuwa zuwa rassa masu yawa. Fassara ce ta lissafi da masana ke jayayya a kanta har yau, kuma ko a cikinta babu ƙofar da mutum zai bi daga wannan reshe zuwa wancan. Marubuta sun ari sunan ne kawai.

Tsohon abu a sabon kwano

Wanda ya taso ana ce masa "ga ta nan ga ta nanku", ya amsa "ta zo mu ji ta", bai kamata faɗawa rijiya a ɓulla wani gari ya zama masa baƙo ba. Tatsuniyoyin Hausa cike suke da marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa, ta haɗu da tsohuwa mai ban tsoro, ta dawo da dukiya ta auri ɗan sarki. Labarin Bayajida ma, idan aka tuɓe masa rigar tarihi, kayan haɗin nan uku ne a cikinsa: baƙo mai jinin sarauta daga Bagadaza, macijin rijiyar Kusugu, da auren Daurama. A bori kuma akwai Jangare, birnin iskoki mai gidaje goma sha biyu, da sarkinsa da fadawansa da zumuntar aure a tsakaninsu. Ɓoyayyiyar duniya ke nan tun kafin a haifi kakan marubucin Turai.

Rubutaccen ƙagen Hausa ma da almara ya buɗe ido. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara, wadda ta haifar da littattafai biyar, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin neman ruwan magani ne da taimakon aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fi kusa da abin da ake magana a kai yau: ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, tarihi tsantsa, sai jarumin ya tsallaka duniyar aljanu ya yi ta cin yaƙi a can, ya dawo ya tarar ƙasa ta canza. Masu nazari sun daɗe suna lura da cewa nasarar da ta gagara a zahiri ce aka je aka samo a almara. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Daga baya littattafan yaƙi masu bokaye da takubban tsafi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, suka cika shagunan haya, samari suna karɓa kwana ɗaya su mayar.

Amma a wancan zamanin kasuwa a rabe take. Littafin yaƙi na maza ne, littafin soyayya na mata. Sabon abin shi ne an zuba su a tukunya ɗaya, kuma mace ce ke riƙe da takobin.

Abin da waya ta canza

Littattafan soyayya na Adabin Kasuwar Kano, da suka bunƙasa daga shekarun 1980, abu ne da ake gani da ido. Ana buga su, a ɗaure, a loda a mota zuwa Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi. Abin da ake gani kuwa ana iya kama shi. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, a 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista. Duk wannan tsari ya dogara ne da cewa akwai maɗaba'a, akwai dila, akwai shago.

Yanzu babu ko ɗaya da ya zama dole. Wattpad, manhajar da aka kafa a Toronto a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saya a 2021 kan kusan dala miliyan 600, tana ba kowa damar sa labarinsa kyauta, kuma marubucin ne da kansa ke zaɓar ya liƙa wa labarin alamar "na manya" ko ya ƙi. OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littafi a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Kasuwar ta ƙara komawa inda dama ta fi ƙarfi, guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, da tashoshin YouTube inda ake karanta littafi da murya ga wanda karatu ke yi wa wuya ko wadda hannunta ke cikin wanke-wanke.

Yadda ake cinikin ne ke bayyana abubuwa da yawa game da abin da ke cikin littattafan. Marubuciya za ta saki shafukan kyauta, goma ko ashirin. Daidai inda jarumar ta sa ƙafa a bakin ƙofar wata duniya, sai a ga sanarwa: shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura kaza ta wannan asusun ko ya turo katin waya, 'yan Nijar ga lambarku daban. Wanda ya biya a sa shi a guruf, a riƙa sako babi kullum ko bayan kwana biyu. Masu karatu suna sharhi nan take, "wallahi kada ki kashe mana shi", "ki haɗa su mana haka nan". Marubuciyar da ba ta gama littafin ba tana rubutu ne tana kallon sharhin. Idan babin da aka yi kusanci ya fi jawo magana, gobe za a ƙara. Shi ya sa littafin da ya fara da taswirar masarautu bakwai yakan ƙare a cikin ɗaki ɗaya. Ba lallai marubuciyar ta yi niyyar haka tun farko ba, kasuwa ce ke jan linzamin babi bayan babi, kuma babu edita a tsakani.

Akwai kuma rafi na biyu, na masu karatu da Turanci, galibi ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da 'yan makarantun kuɗi. Su suna bin abin da TikTok ke tallatawa, suna samun littattafan a matsayin fayil da ake turawa daga waya zuwa waya. Marubutan Hausa da dama daga wannan rafi suke ɗebo salo, su sa masa sunaye irin namu.

Maganar asali

Nan ne aka fi yin shiru, alhali nan ne zancen ya fi tsawo.

A Amurka da Ingila, 'ya'yan baƙin haure ne suka ɗaga wannan jigo a 'yan shekarun nan. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Ibo da aka haifa a Amurka, ta fitar da Akata Witch a 2011, labarin yarinya zabiya da aka haifa a can aka dawo da ita Najeriya. Tomi Adeyemi ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, ta gina duniyarsa kan addinin gargajiyar Yarbawa. Ga marubuci irin wannan, asali abu ne da ya kuɓuce. Ya taso ana tambayarsa daga ina ya fito, harshen kakanninsa ya gagare shi, sai almara ta ba shi damar cewa: abin da ake raina ka dominsa shi ne ƙarfinka. Ƙofar shiga wata duniya, a gare shi, hanyar komawa gida ce.

Matashin Sakkwato asali bai kuɓuce masa ba. Yana kewaye da shi, wani lokaci har ya yi masa nauyi. Ya san wane ne Batoronke, wane ne Basulluɓe, Bagobiri, Bazamfare, Bakabe, Ba'adare. Yana ganin zanen gado a fuskar kakarsa. Ya san ma'anar rinji, wato ƙauyen da ake zaunar da bayi a da, ya san akwai unguwa mai suna Runjin Sambo. Ya san idan maganar aure ta taso za a tashi mutum takanas ya je binciken asali, kuma ya san gidajen da za a ce "a'a, ba mu haɗa iri da su", don kakan kakansu bawa ne, ko don sana'ar gidan fawa ce ko ƙira ko roƙo. Saboda haka idan yarinya a Gidan Igwai ta karanta labarin baiwar da ake wulaƙantawa a fada, daga ƙarshe aka gano alamar sarauta a kafaɗarta, ba irin karatun da takwararta ta Landan ke yi take yi ba.

Ana fassara wannan salo ta fuska biyu. Fuska ta farko tana cewa yana ba wanda aka raina fata, yana nuna cewa wadda ke shara a tsakar gida na iya fin uwargida daraja. Fuska ta biyu tana cewa akasin haka yake koyarwa. Baiwar ba ta samu daraja don haƙurinta ko iliminta ba, ta samu ne don ashe dama ba baiwa ba ce. Sauran bayin da ba a gano musu alama ba suna nan inda suke. Labarin ya yi kamar yana rusa katangar asali, amma ƙofa ya huda wa mutum ɗaya ya bar katangar a tsaye, har ya ƙara mata ƙarfi, domin ya tabbatar cewa baiwa da ƙarfi a jini suke.

Masu wannan ra'ayi na biyu suna da abin dogaro a fiƙihun da ake karantawa a garin. A mashhurin mazhabar Malikiyya, dacewar ma'aurata a addini take da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure, ba a nasaba ba, kuma aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ɗora fifiko kan taƙawa. Al'ada ce ta ƙara sauran. Abin lura shi ne littafin da aka ara daga Turai ya zo ya yi daidai da al'adar, ba da littafin fiƙihun ba, kuma wannan ɓangare ba ya cikin abin da ake yawan yin wa'azi a kansa.

Akwai marubutan da ke juya salon: jarumar ta gano jinin sarautarta ta ƙi karɓa, ko a gano annabcin da ake jira ƙarya ce da fadawa suka shirya. Irin waɗannan suna nan a littattafan waje, kuma su ne ke nuna cewa salon ba dole ya tafi hanya ɗaya ba.

Sihiri, aljanu da iyakar ƙage

Ga mai karatu a Turai, yariman aljanu da dodon tatsuniya duk ɗaya ne, babu su. Ga Musulmi aljanu halitta ce tabbatacciya, akwai sura guda da sunansu. Sihiri ma gaskiya ne, aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi maganarsa, hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa. A garin da ake kai 'yan mata ruƙiyya, ake maganar namijin dare a matsayin dalilin da ya hana wata aure, labarin budurwa da masoyinta aljani ba ya tsayawa a takarda. Wannan bambanci ne na gaske, kuma shi ne ginshiƙin masu adawa.

Hujjarsu ba ta tsaya nan ba. Suna kawo aya ta 6 a Suratu Luƙman kan mai sayen zancen banza, da hadisin da ya yi narko ga mai ba da labarin ƙarya don ya ba mutane dariya. A Sakkwato akwai ƙarin nauyin tarihi. Shehu Usmanu, a rubuce-rubucensa irin su Nurul Albab, ya yi suka ga masu yanka wa itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu. Littafin da ya mayar da boka gwarzo, ko ya sa jaruma tana kiran iskoki su cece ta, a ganinsu yana dawo da abin da aka yi jihadin 1804 a kansa ta ƙofar baya.

Ɗaya ɓangaren malamai da manazarta suna rarrabewa. Ƙarya, in ji su, ita ce a faɗi abin da ba haka ba da nufin a gaskata. Labarin da mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ƙage ne, buga misali ne, shi ya sa ake rufe tatsuniya da "ƙurunƙus kan kusu" don kowa ya san an fito daga cikinta. Suna nuna Kalila wa Dimna, da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, inda dabbobi ke magana. Suna kuma nuna Maƙamatul Hariri, labarai hamsin na wani ƙagaggen ɗan damfara, Abu Zaidi, wanda malaman zaure a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantar da shi ga manyan ɗalibai don lugga. Ko maganar auren mutum da aljan ba marubutan zamani suka fara ta ba: Badaruddin Shibli, malamin ƙarni na 14, ya tattauna ta a Akamul Marjan, inda aka ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi abin ne don kada mace ta zo da ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Sharaɗin wannan ɓangare shi ne kada labari ya ƙawata sihiri ko ya koyar da shi, kada ya ba wata halitta abin da na Allah ne kaɗai, kamar rayar da matattu da sanin gaibu.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda ake ji a muhawara. Dukansu sun yarda akwai labarin da bai halatta ba. Saɓanin shi ne ko a yi hukunci kan nau'in gaba ɗaya ko kan littafi ɗaya-ɗaya. Tarihin garin yana da misalin da masu ra'ayi na biyu kan kawo: manazarta rayuwar Nana Asma'u, irin su Jean Boyd, sun nuna cewa malfar da take naɗa wa jajis ɗinta, wato matan da ke jagorantar ƙungiyarta ta karantar da mata ta 'Yan Taru, alama ce da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita. Ta ɗauki alamar ta cika ta da wata ma'ana. Masu adawa kuma sukan ce abin da malama irinta ta yi da ilimi ba shi ne abin da mai neman masu biya a guruf ke yi ba.

Ba Musulmi kaɗai ke wannan jayayya ba. Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa Harry Potter a kan gaba cikin littattafan da aka fi neman a cire tsakanin 2000 da 2009, kuma iyaye Kiristoci ne suka fi kai ƙara saboda maganar maita.

Soyayya, da abin da aka hana a Utah

Jerin farko da Utah ta fitar a Agusta 2024 littattafai 13 ne, shida daga ciki na Sarah J. Maas, marubuciyar da ta fi kowa suna wajen haɗa almara da soyayya. Ba saboda sihiri aka cire su ba, saboda bayyana kwanciya ne ƙarara. Ba kuma a hana sayar da su ba, daga makarantun gwamnati aka fitar da su. Littafin farko na jerinta mafi shahara ya fito a 2015 a rukunin matasa, sai jerin ya yi ta ƙara zafi har aka koma tallata shi a matsayin na manya. Yarinyar da ta fara kashi na ɗaya tana shekara 14 babu abin da zai gaya mata ta tsaya a na biyu. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa a guruf ɗin Hausa, sai dai can akwai kamfanin da za a iya tuhuma.

Ban da batsa, akwai salon da masu nazarin tarbiyya ke nuna wa yatsa: saurayi mai mugun hali, mai tsawa da kulle ƙofa, wanda soyayya ke narkar da shi a ƙarshe, da kuma "ƙaddararrun masoya" da aka haɗa tun kafin haihuwa, wanda ke sa "a'a" ɗin yarinya ta zama jinkiri kawai. Masu kare littattafan suna cewa a nan ne kaɗai budurwar da ba a cika tambayar ra'ayinta ba ke ganin mace tana zaɓe, tana yaƙi, tana mulki. Duka biyun ana samunsu, wani lokaci a littafi ɗaya.

Inda abin ke taɓa mutane

Ga iyaye, bangon littafi da lakabinsa ba sa ba da labarin komai, shafukan kyauta ma haka, domin su talla ne. Abin da ke nuna halin littafi yana tsakiyarsa, bayan an biya. Ƙwace waya yana yanke karatun na ɗan lokaci, amma fayil ɗin na nan a wayar ƙawa. Akwai kuma kuɗi: kuɗin littafi, da na data wanda ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Yarinyar da ba ta da sana'a wani ne ke biya mata, kuma wane ne shi tambaya ce da ta fi ta aljanu gaggawa a wasu gidajen.

Ga malaman makaranta abin fuska biyu ne. Ɗalibin da ke cinye babi hamsin a mako ya saba da dogon karatu, abin da ake kuka da rashinsa. Amma Hausar da yake gani ba ta da ƙa'ida, babu ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rabin jimla Turanci, kuma haka zai zuba ta a takardar jarrabawa. Sakkwatanci kuwa da wuya a gan shi, sai in an sa shi a bakin wata tsohuwa don a yi dariya.

Marubuta su ne suka fi cin riba kuma su ne suka fi asara. Matar aure a Arkilla na iya samun kuɗi daga ɗakinta ba tare da ta nemi maɗaba'a a Kano ba. Amma ranar da ta sa babin ƙarshe, wani cikin waɗanda suka biya zai haɗa littafin ya watsa kyauta, wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi ayyukan intanet har da neman a sauke abin da aka sata, sai dai bin haƙƙi a kan wanda ba a san sunansa ba a guruf aiki ne da ya fi ƙarfin yawancinsu. Shi ya sa ake ganin Allah-ya-isa a saman kowane babi.

Kayan gini kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ganuwar Surame, birnin da Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16, tana nan a cikin daji a jihar Sakkwato. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana wajen Sabon Birni. Akwai takardu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Sai dai marubucin da zai taɓa su yana da iyakar da takwaransa na waje ba shi da ita: ba zai sa Shehu ko Bello ko Asma'u a cikin almara yana sa musu magana a baki ba, kuma zuriyar kowane sarki da zai ambata suna raye, suna karatu. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin masarautun da ke cikin waɗannan littattafai ba su da suna irin na nan, sai wani suna mai kama da Larabci ko Indiyanci, a wata ƙasa da ba a faɗi inda take ba.